Wa Ya Sa Hannu?

Waɗanda suka zo Abuja kafin a ɗauko gwamnati daga Legas za su tuna jar ƙurar nan da ke bin mutum har cikin aljihu, da manyan motocin kamfanonin gini masu kwasar leburori tun kafin a sallame Asuba, da yadda kwaltar Garki take ƙarewa kwatsam mutum ya tsinci kansa a gonar doya. Na sauka garin a 1987, ina ƙaramin akawu, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar canjin wurin aiki daga Kaduna. A shekarar aka buɗe otal ɗin Nicon Noga Hilton, muna hango shi tsaye shi kaɗai a daji kamar ya ɓata hanya. Ɗakina yana Nyanya, ofishinmu yana Garki, a wata ma'aikata da ba sai na kama sunanta ba.

Bugun tafireta na zo da abina. Abin da na koya a ofishin nan shi ne fayil ba ya motsi sai da suna. Kowace takarda da lambarta a kusurwa, duk wanda ta bi ta hannunsa sai ya rubuta abin da ya gani a ƙasa, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, masinja ya shigar a littafin rajista kafin ya kai teburin gaba. In abu ya ɓaci ba a kiran taro. Babban akawu zai ɗora tabarau, ya lashi yatsa, ya bi shafuka da baya da baya har ya iso inda aka kauce, kuma a daidai wurin zai tarar da sunan mutum da rubutun hannunsa.

Kuskurena na farko mai nauyi ya faɗo ana saura kwana tara Babbar Sallah. Ina buga jerin ƙananan ma'aikata na baucar albashi, masu shara da direbobi da masu gadi, sai idona ya tsallake layi ɗaya. Layin nan kuwa mutum ne, wani dattijo mai gadin dare da ke zaune da iyalinsa a Karu. Ranar biya kowa ya karɓi ambulan ɗinsa a tagar kashiya, shi ya tsaya har aka rufe taga, sannan aka ce masa sunansa bai fito ba. Gyaran bauca a lokacin sai an koma baitulmali, abin da ba ya kasa mako uku.

Babban akawunmu ya fara aiki a Kaduna tun zamanin Sardauna, mutum mai tsadar magana, kullum cikin farar riga da ɓarin goro a aljihu. Darakta ya aiko kiransa, ni kuma aka ce in riƙo fayil in biyo baya. Ina rakuɓe bakin ƙofa gwiwata na kaɗawa na ji an tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Ga haruffan sunana nan ɓaro-ɓaro a ƙasan shafi. Amma babban akawun ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Yaro ya buga, ni na sa hannu ban ƙirga ba." Ya sha faɗan da zai sha a tsaye, hannuwa a baya, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Ina jin ana cewa babba juji ne, ran nan na ga yadda ake zuba masa.

Na ɗauka na sha. Muna komawa ya miƙo mini takardar neman ba'asi. Na kwana ina tsara amsa, shafi uku cur: an ɗauke wuta, jerin ya iso a makare, tawadar tafireta ta dushe. Duka gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya turo mini abina. "Malam, wannan ai tarihin wutar lantarki ka rubuto. Abu uku nake so. Me ka yi, yaya za ka gyara, yaushe." Amsar da ya yarda ya sa a fayil layi huɗu ce.

Daga nan ya zaro kuɗi a aljihunsa, kimanin rabin albashin maigadin, ya ce in cika abin da zan iya daga nawa, in kai Karu da kaina, in faɗa wa mutumin cewa ni na tsallake sunansa. Ya ja mini kunne kada in kuskura in ce ofis ne, don ofis ba shi da hannu. Na tarar da dattijon a kan tabarma a ƙofar ɗaki, na durƙusa na faɗi abin da aka aiko ni in faɗa. Ya ce, "Ba komai, ɗana, ɗan Adam ajizi ne. Allah ya yi maka albarka." Matarsa daga bayan labule ta ce ba komai ba ta ɗinka wa yara kayan Sallah. Ita ma da gaskiyarta. Sauran kuɗinsa sun fito bayan Sallah da mako biyu, kuma ni na bi baucar tebur tebur, har ma'aikatan baitulmali suka sa mini suna Ɗan Maigadi.

Yau da za a tsallake sunan mutumin nan, cewa za a yi na'ura ce.

Kada yaran yanzu su ɗauka muna cikin aljanna ne. A ofisoshin nan masu rajista da sa hannu fayil yakan yi ɓatan dabo in mai shi bai ga masinja ba, kuma fili ɗaya yakan fito da takardun mutum uku. Maigidan namu, babban akawun nan, ma yakan ce tsoron sa hannu ya shigo aikin gwamnati tun 1975, lokacin da Janar Murtala ya sallami ma'aikata sama da 10,000 ta bakin rediyo, da mai laifi da wanda aka yi wa sharri, ba a ji ta bakin galibinsu ba. Wanda ya ga an kori maƙwabcin teburinsa ba tambaya, in ji shi, ya koyi ɓoye kuskure tun kafin ya yi shi.

Garin kansa da kuskuren lissafi aka aza shi. Kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda ya zaɓi wurin, Murtala ya sanar da dokar soja mai lamba 6 ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, aka yanko fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 da zaton mutanen cikinsa ba su taka kara sun karya ba, za a kwashe su duka a sake musu matsuguni a waje. Da Farfesa Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan ya shiga da ayarinsa suka ƙirga, sai ga ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana, kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. A 1978 aka sauya shawara, aka ce wanda gini ya iso kansa kaɗai za a tayar. Mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a jihar Neja, na Maitama aka kai su Kubwa, na Garki aka bar su a tsakiyar birni ana ta sake tunani a kansu, yau a ce za a haɗe su da gari, gobe a ce za a kai su Apo. An gyara takarda sau da yawa. Ban taɓa jin ranar da wani ya je ƙauyen ya durƙusa kamar yadda aka sa ni na yi a Karu ba. Mu da muka zo da akwatin ƙarfe muka ci moriyar filin, ban cire kaina ba.

Amma takardar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 23 ga Yuni 1993. Waɗanda suka kai shekarun za su tuna allon da hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta kafa a ofishinta na nan Abuja, mutane na tururuwa suna kwafe sakamakon jihohi a bayan ambulan, ana ta mamakin yadda Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Sai kotuna suka fara jifan juna da umarni, allo ya tsaya cak, sannan aka raba wa 'yan jarida wata takarda daga fadar gwamnati mai cewa an soke zaɓen 12 ga Yuni. Farar takarda ce, ba tambarin ofis, ba sa hannun kowa. Maigidanmu yana dab da ritaya a lokacin. Ya karanta labarin a jarida, ya cire tabarau, ya ce takarda irin wannan a teburinsa ko kuɗin kananzir ba za ta fitar ba. Ita ce kuwa ta rushe ƙuri'ar mutum miliyan 14. Abiola ya mutu a tsare a garin nan ranar 7 ga Yuli 1998, bayan an riga an harbe matarsa Kudirat a Legas. Da aka kafa kwamitin Mai shari'a Oputa a 1999 don a ji abin da ya faru a shekarun soja, tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, sun ƙi zuwa gabansa.

Shi ya sa abin da ya faru a dandalin Eagle Square ranar 29 ga Mayu 2007 ya ba mu mamaki. Zaɓen da aka yi a watan Afrilu kowa ya san yadda ya kasance, tun da shugaba mai barin gado da bakinsa ya ce ko a mutu ko a yi rai ne. An ga mazaɓun da takardun ƙuri'a ba su je ba amma sakamako ya fito, 'yan kallo na Tarayyar Turai sun ce abin bai kai mizani ba, hukumar zaɓe kuwa tana ta yabon kanta. Ina cikin 'yan kallo a rana, da hular kwali a ka, ina jiran jawabin da aka saba, na godiya ga Allah da jam'iyya. Sai ga Umaru Musa 'Yar'aduwa, da siririyar muryarsa ta malamin makaranta, yana cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, masu ƙorafi su bi hanyar shari'a, shi kuma zai kafa kwamitin da zai duba tsarin gaba ɗaya. Wanda ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, ka ji abin da na ji?" Mun saba da laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. Ga mutum ya hau tudu mafi tsawo a ƙasar yana nuna ƙarƙashin ƙafarsa.

Kuma bai bar ta a baki ba. A watan Agusta ya rantsar da kwamiti mai mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, da su Farfesa Bolaji Akinyemi da Farfesa Attahiru Jega a ciki. Suka zaga ƙasa suka saurari jama'a, suka miƙa rahoto a Disamba 2008. Daga cikin abin da suka nema har da a raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe, a ba Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta tace sunaye, a kafa hukuma ta musamman don hukunta masu maguɗi, a kuma gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Ga dai abubuwa ukun maigidana sun kusa cika: an faɗi abin da aka yi, an faɗi yadda za a gyara. Na ukun ne ya yi gardama. Gwamnatin da ta kafa kwamitin ita ta ƙi sakin ikon naɗin, hukumar hukunta masu maguɗi kuwa har yau a takarda take. Wani abu dai ya samu, don gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa kuɗin hukumar zaɓe yana fita kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma ƙayyade wa kotunan zaɓe kwana 180. Ba kuma zan ɓoye ba, mutumin da ya iya faɗin naƙasun zaɓensa, da ciwo ya kai shi Jidda a Nuwamba 2009, an shafe fiye da wata biyu fadarsa ba ta gaya wa ƙasa cikakken halin da ake ciki ba, sai da majalisa ta ƙirƙiro dabara ranar 9 ga Fabrairu 2010 ta ɗora mataimakinsa. Allah ya jiƙansa. Rabin gyara ya bari, amma ya sa hannu a kan rabin.

Sai Asabar 2 ga Afrilu 2011. Jega ya zama shugaban hukumar, an yi sabuwar rajista ta mutum sama da miliyan 73, mun fito tun da safe a Kubwa mun yi layi, an fara tantance mu, wasu wuraren ma an fara jefa ƙuri'a. Wajen tsakar rana aka ce a kunna rediyo. Jega ne, yana cewa takardun rubuta sakamako ba su isa jihohi da yawa ba, ɗan kwangila ya saɓa alkawari, amma shi ne shugaba, nauyin a wuyansa yake, yana ba da haƙuri, an dakatar da zaɓen. Zagin da ya sha ran nan a layinmu kaɗai ya ishi mutum guzuri. Mai shayi ya yi asarar madara, 'yan bautar ƙasa sun kwana a makarantu a banza, jam'iyyu sun kashe kuɗin wakilai. Da farko ya ce Litinin, da ya zauna da jam'iyyu ya ga ba za ta yiwu ba ya sake fitowa ya ce sai Asabar 9 ga wata, wato ya gyara gyaran nasa a bainar jama'a. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe, wadda aka bi a 2007: a bari a yi abin da ya samu, a cike gurbi da biro cikin dare. Ya zaɓi ya tsayar da mota a tsakiyar titi kowa na kallo. Ban manta da jinin da ya zuba a Arewa bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga watan ba, wannan wani babi ne mai ɗaci. Amma na ga ranar da babban mutum ya tsaya ana jifansa saboda takarda ba ta iso ba.

A Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa rumbun intanet da aka yi ta alkawari a kansa. Washegarin zaɓen hukumar ta fitar da sanarwa, ta ce tangarɗar na'ura ce, ta ce ta ɗauki alhaki. Kalmomin suna nan daidai, kamar an kwafo daga littafi. Tattara sakamako dai bai tsaya ba, aka sanar da wanda ya ci wajen ƙarfe huɗu na asubar 1 ga Maris, cikakken bayanin abin da ya sami na'urar kuma sai bayan kusan shekara guda ya fito a rahoto. Wanda ya yi ƙorafi a tsakani amsa ɗaya ya samu daga bakin 'yan siyasa: ka je kotu.

Ku saurari sanarwar ofisoshi a rediyo yanzu, ku lura da yadda ake gina ta. An samu tangarɗa. An fuskanci ƙalubale. Bisa wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu. Hausa ta ba mu wannan ɗan "an" don kunya da kara, don kada matar gida ta kama sunan miji, don kada a tozarta babba a gaban yara. Mun mayar da shi rumfar fakewa. Layin wuta na ƙasa ya faɗi, an samu matsala. Bene ya rufta da mutane, za a kafa kwamiti. Wa ya duba ginin, wa ya ba da izini, wa ya sa hannu?

Haƙuri yana zuwa, ban ce ba ya zuwa ba. Ranar 12 ga Yuni 2018 Buhari ya tara iyalan Abiola a fadar shugaban ƙasa, ya ba marigayin lambar girma mafi daraja, ya nemi afuwarsu a madadin gwamnati, shekara 25 bayan abin. Ranar 20 ga Fabrairu 2025 kuma, a otal ɗin nan da muke hangowa daga daji, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton, Janar Babangida ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a gaban shugaba mai ci da tsofaffin shugabanni, ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓe, ya ce ya yi nadama, nauyin kuma nasa ne. Na ji daɗin jin hakan, ba zan yi ƙarya ba, ya fi a tafi da ita kabari. Sai dai a littafin ya ce ranar da takardar ta fita shi yana Katsina wajen ta'aziyyar Alhaji Musa 'Yar'aduwa, mahaifin Umaru, kuma wasu hafsoshi ne da Abacha a gaba suka yi aikin ba da saninsa ba. Abacha ya rasu tun 1998. Abiola ya rasu, Tofa ya rasu a 2022, Nwosu ya rasu 'yan watanni kafin taron. An ce ba a ɓari a kwashe duka, to wannan an zo kwasa bayan kaji sun gama tsincewa. A zauren aka yi alkawarin biliyoyin naira na gina ɗakin karatu, aka tafa, aka watse. Da maigidana yana da rai, na san zai ninke takardar ya tambayi ina layi na biyu da na uku.

Na yi ritaya a 2022, shekara 35 cif. Kwanakin baya kuɗin fanshona suka tsaya, na je wani ofis a tsakiyar gari in ji dalili. Bene ne mai gilashi da sanyin na'ura, ba ƙura, ba kabad ɗin fayil ko ɗaya, an ba ni lamba na zauna a kujerar ƙarfe har ta fito a allo. Yarinyar da ke kan kanta sa'ar 'yata ce, mai ladabi ƙwarai. Ta danna ta duba ta ce shekarar haihuwata a kwamfuta ba ta yi daidai da ta katina ba, an juya lambobi biyu. Na yi dariya a raina, na ce Ɗan Maigadi, yau ga naka layin. Na tambaye ta wa ya shigar. Ta ce, "Baba, ba daga nan ba ne." Na ce daga ina ne? Ta ce daga sama ake turowa. Na ce to wa zan gani a saman? Ta ce ba a ganin kowa, sai dai in cike takarda a intanet, ita ma intanet ɗin yau ba ta tafiya. "Ku yi haƙuri, Baba, ku dawo ranar Talata."

Ban ga laifinta ba, ba ita ta tsara gidan ba. Na dai roƙe ta ta rubuta mini a 'yar takarda cewa na zo yau kuma ga abin da aka gani, don kada Talata in tarar da wata fuskar mu koma farko. Ta duba teburinta ba biro, ta tambayi na kusa da ita shi ma babu, na zaro nawa daga aljihun gaba na miƙa mata. Ta rubuta da kyakkyawan rubutu, ta sa kwanan wata, ta buga hatimin ofis. Wajen suna ta ɗan tsaya, ta waiga ƙofar ogansu, sannan ta miƙo mini takardar da biron tare. Na ninke na sa a aljihu, na gangara Berger neman motar Kubwa.